Bitamin Farar Hula

Shekarar da sojoji suka ce sun gaji za su koma bariki, kowa a Nassarawa ya wayi gari da muƙami a baki. Mai faci ya zama Injiniya, wanda ya taɓa liƙa fostar ɗan takara ya zama Onarabul. Amma duk cikinsu babu wanda ya riƙe nasa da hannu bibbiyu kamar Sylvanus, wanda unguwa ke kira Dokta.

Doktancin nasa ba daga nesa ya zo ba. A asibitin wata masaƙa ta Kakuri ya yi aiki, aikin kuwa wanke kwalabe ne da tura keken marasa lafiya. Da aka rage ma'aikata, wasu suka fito da hawaye, shi ya fito da farar riga mai aljihu uku da abin sauraren ƙirji wanda kunnensa ɗaya ya toshe. Ya sa aka rubuta masa allo ya kafa a ƙofar gida: DOKTA SYLVANUS, MASANIN JINI DA JIJIYA. Ka hana shi tuwo zai yafe maka, amma ka kira shi Sylvanus gatsau, to kun ɓata har Kirsimeti. Matarsa Rhoda kaɗai ke ce masa Baban Vicky ya haƙura, ita ma don ludayin gidan a hannunta yake.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne Nicholas mai kemis na bakin titi, domin shi ma Dokta ake ce masa. An ce ba a sarki biyu zamani ɗaya.

Wata safiya suna zaune a teburin mai shayi, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya, sai Monday ɗan acaba ya taka birki ya ƙwala kira.

"Dokta!"

Su biyu suka amsa.

"A'a, na kemis nake nufi," in ji Monday. "Ka ajiye min bikwamfiles, jikina duk ya mutu."

Sylvanus ya dire kofinsa har shayi ya fantsama.

"Bikwamfiles! Kai Monday, ba ka tausayin hanjinka? Wannan ai bitamin ɗin soja ne. Inji ne ya buga shi da dikiri, ya shiga ciki yana ba jini oda. Yanzu farar hula za mu shiga, jiki yana son bitamin da ya tsiro daga ƙasa, wanda ya san mutunci. Bi-wan, Bi-tu, Bi-sikis, duk suna nan kwance cikin dusa."

"Dusa?" in ji Nicholas. "Mu awaki ne? Kai da ka ƙare a wankin kwalba, me ka sani ban da kumfar sabulu?"

"Wanda ya wanke kwalba ya fi mai sayar da ita a rufe sanin cikinta."

"To ka shiga ciki ka zauna."

Da Baba Gideon, tsohon ma'aikacin reluwe da ke sasanta rigimar unguwa, bai sa sandarsa tsakaninsu ba, da an sha shayi da jini. Ya ce tunda baki ba ya yanke shari'a, a gwada. Nan take Sylvanus ya miƙe ya tsara gwajin kamar dama da shi ya kwana. Za a samo manya masu lafiya garau, a raba su biyu. Rabi su sha ƙwayar Nicholas, rabi su sha haɗinsa. Ranar da za a miƙa mulki, a haɗu a filin firamare a ja igiya. Wanda mutanensa suka faɗi, ya sauke allonsa, kuma ko a mafarki aka ce Dokta kada ya waiga.

"Me ya sa masu lafiya?" in ji Baba Gideon.

"Baba, marar lafiya ko ruwan randa ka ba shi zai ce ya ji sauƙi. Masu lafiya muke so, mu ga wa zai ƙara musu lafiya a kan lafiya."

"Mai lafiya me zai yi da ƙarin lafiya?"

"Abin da mai kuɗi yake yi da ƙarin kuɗi."

Aka tafa, aka sha hannu. Sannan Sylvanus ya fito da dabarar da ya fi alfahari da ita. Ya ce kowane gida a raba miji da mata: in miji yana ɓangaren ƙwaya, matar ta shiga ɓangaren haɗi, in miji yana haɗi, matar ta sha ƙwaya. Tunda tukunya ɗaya suke ci, babu wanda zai ce tuwon gidansu ne ya ƙara masa ƙarfi. Ya ce ko Turawa ba su taɓa tunanin wannan ba. Don ya nuna adalci, ya sa kansa a ɓangaren haɗi, ya tura Rhoda ɓangaren Nicholas.

"Ni lafiyata ƙalau, Baban Vicky," in ji Rhoda.

"Shi ya sa kika cancanta."

Ta karɓi ƙwayoyinta ta ƙulle a bakin zane, ta koma wurin kajinta.

Haɗin kuwa, Sylvanus bai yi masa rowa ba. Dusar shinkafa, gyaɗa, zogale, busasshiyar hanta, ya narka mazarƙwaila a kai don ya shiga wuya. Saura uwa uba. Ya taɓa jin wani likita a masaƙa yana cewa yis, wato sinadarin da ke sa giya ta tsima, shi ne uwar bitamin Bi, don haka ya lallaɓa gidan Hephzibah mai burkutu ta bayan gida, ya roƙi guggubin da ke kwanciya a gindin tukunya. Likitan nan ya ƙara da cewa sai an kashe yis ɗin da wuta kafin a ba mutum, amma lokacin da ya zo wannan gaɓar, Sylvanus ya riga ya tura kekensa ya sha kwana.

Ya ɗura a kwalabe, ya toshe da totuwar masara, ya rubuta wa kowace suna: BITAMIN FARAR HULA. Cokali ɗaya da safe, ɗaya da yamma.

Ba a je ko'ina ba sai ga Kofur Mamman, tsohon soja da ke ɓangaren haɗi, ya iso fuska a murtuke.

"Dokta, maganinka ba ya aiki."

"Wa ya ce?"

"Fitsarina ya ce. Matata ta haɗiyi ƙwayar Nicholas sau ɗaya, ta ce nata ya fito rawaya shar kamar an matse lemo. Nawa fari fat kamar na jariri. Kowa ya san in bitamin ya shiga jiki, sai ya aiko da shaida."

Sylvanus ya buɗe baki zai ce rawayar nan ai bitamin ɗin ne ke gudu ya bar jiki, sai ya hango mutum uku a bayan Kofur, duk da irin wannan ƙorafin a fuska. Ya haɗiye iliminsa.

"Rawaya kuke so? Ku dawo gobe."

Ya shiga kasuwa ya sayo gangamau rabin kwano, ya daka, ya juye a haɗin. Shaida kuwa ta fito, sai dai ta sama ta fito. Harshe rawaya, haƙora rawaya, leɓe kamar na wanda ya sha manja. Ranar Lahadi mawaƙan coci suka buɗe baki za su ɗauki waƙa, fasto ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake dubawa. Sylvanus da ke layin gaba ya juya yana gyaɗa wa jama'a kai.

"Na Nicholas sai ka shiga bayan gida kafin ka gani," ya ce da aka tashi. "Nawa a fili yake. Farar hula ba ta ɓoye-ɓoye."

Sai zafi ya sauka, irin na gab da damina, wanda ke sa kwanon rufi ya yi ta ƙara shi kaɗai. Kwalaben da Sylvanus ya jera ƙarƙashin gado suka fara tsuwa. Wata rana da azahar unguwa ta yi tsit, sai aka ji tau! Aka ƙara ji tau, tau!

"Kowa ya kwanta!" Kofur Mamman ya daka tsawa daga gindin mangwaro. "Sun fasa miƙawa! An yi juyin mulki!"

Nassarawa ta kwanta rub da ciki. Mai tuyar ƙosai ta bar kasko a wuta, Monday ya jefar da babur ya faɗa kwata, masu rediyo suka yi ta murɗa tasha suna neman kiɗan badujala. Shi kuwa Dokta, da ya ji harbi a cikin ɗakinsa, sai ya yi abin da kowane mai hankali zai yi, ya shige ƙarƙashin gado. Can ya tarar da sauran bataliyar tana jiransa.

Da aka jawo shi, daga gira har ɗan yatsa rawaya ne, totuwa maƙale a aljihun farar rigar. Rhoda ba ta ko dube shi ba. Tana tsaye riƙe da ankon Zumuntar Mata da ta goge ta shimfiɗa a kan gado, ya koma kamar tsumman mai tuya.

"Baban Vicky, wannan abin warin gidan Hephzibah yake yi."

"Warin lafiya ne. Hancinki ya saba da na inji." Ya juya ga jama'ar da suka cika ƙofa suna kaɗe ƙasa daga gwiwa. "Kun gani da idonku! Abin da ya fasa kwalba, ku yi tunanin abin da zai yi a cikin jini!"

Abin mamaki, daga ranar kasuwarsa ta buɗe. Kwalbar da ya ce za ta yi mako sai ta dawo wayam kashegari. Mata ne ke kawo kwalaben, suna cewa ta zube, ko kyanwa ta ture, ko yara sun yi ɓarna. Maza kuma, har waɗanda ba ɓangarensa ba, suka koma gaishe shi da hannu biyu. Wata yamma ya ci karo da Monday, ɗan ɓangaren Nicholas, yana waƙa shi kaɗai a kan babur da ba a tayar ba.

"Dokta na gaskiya!" in ji Monday, ya washe baki.

Sylvanus ya ga haƙoran sun yi rawaya, ya ɗan tsaya.

"Me ka ci?"

"Mangwaro, Oga Dokta. Mangwaro ya yi araha bana."

Sylvanus ya wuce yana murmushi. Ga abokin gaba da bakinsa ya kira shi Dokta na gaskiya, wa zai tsaya binciken mangwaro? Shi kansa ya lura cewa in ya sha cokalinsa, wanda yanzu ya zama kofi, Turancinsa yana ƙaruwa, kuma duk matsalolin Najeriya suna zo masa da maganinsu. A tsakar gida ma albarka yake gani ko'ina. Zakaran Rhoda, wanda da kamar a hure shi ya faɗi, ya yi ƙirji ya yi wuya, yana tafiya kamar sabon ciyaman. Sylvanus ya ce ƙamshin haɗin ne kawai ya kai shi haka.

Ranar miƙa mulki filin firamare ya cika maƙil. An kafa rumfa, an ajiye wa sabon kansila kujera mai hannu, ya zo cikin farar babbar riga da ta sha sitati har tana magana. Sylvanus ya iso da rigarsa da ta ƙi komawa fara, abin sauraren ƙirji a wuya, rungume da wata ƙatuwar kwalba da ya ɗaure bakinta da waya, tsarabar mai girma kansila. Kafin a ba shi dama ya karɓe lasifika.

"Jama'a, yau soja biyu za su sauka. Ɗaya a Abuja, ɗaya a kemis!"

Aka shimfiɗa igiya. Ɓangaren ƙwaya suka kama can, ɓangaren haɗi suka kama nan, miji na kallon matarsa ta tsallaken layi. Baba Gideon ya ɗaga usur, ya ce kowa ya shirya. Mazan ɓangaren Nicholas suka amsa da murmushi, gaba ɗayansu.

Rawaya. Tun daga na gaba har na ƙarshe.

Sylvanus ya waiga nasa ɓangaren, ya ga mazan rawaya, matan kuwa haƙora fari tas, ban da Mama Mercy shugabar Zumunta, wadda ba ta taɓa karya dokar likita ba a rayuwarta, kuma ba ta taɓa sanin ɗanɗanon giya ba balle ta gane shi.

Usur ya tashi. Abin da ya biyo baya, ko mai ƙaunar Sylvanus ba zai kira shi jan igiya ba. Monday ya ja da ƙarfi, sai dai ya manta bai kama igiyar ba, ya tafi da baya har cikin masu ganga. Kofur Mamman ya saki nasa wurin ya ƙame yana sara wa kansila. Wasu maza biyu daga ɓangarori daban suka haɗu a tsakiya suka rungume juna suna kuka, kowa na cewa ɗan'uwansa ya yafe masa. Mama Mercy ta ji ganga, ta ɗaga hannu sama ta ɗauki waƙar Zumunta da wata murya da ba a san tana da ita ba, ta shiga juyi, ɗankwali ya yi nasa wuri. Mata suka ga abin ya zama haka, suka saki igiya a tare, sauran mazan suka zube kamar buhunan dusa.

Baba Gideon ya busa usur har ya gaji.

"Tsaya! Duk wanda ya sha ƙwayar Nicholas yadda aka ce, ya ɗaga hannu."

Ko hannu ɗaya.

"To ina ƙwayoyin suka tafi?"

Judith matar Monday ta gyara ɗaurin zane ta fito.

"Baba, gaskiya ɗaya ce. Ni aka ba kwalba, shi aka ba ƙwaya. Ya ɗanɗana nawa sau ɗaya, ya ce a matsayinsa na maigida ba zai bar ni da abu mai ƙarfi haka ba. Ya karɓe, ya ba ni ƙwayarsa. Duk gidajen nan haka aka yi. Wa ya taɓa ganin an shiga da abu gida an ce na miji ne ban da mata, ko na mata ne ban da miji?"

"Ke kuma kika sha ƙwayar?"

"Ni ciwon me nake yi? A ruwan kaji na jiƙa. Maman Vicky ce ta koya mana."

Sylvanus ya juya a hankali ya dubi matarsa. Rhoda ta ɗaga kwandon da ta zo da shi, zakaran ya miƙo wuya ya dubi taron a wulaƙance.

"Na gaya maka lafiyata ƙalau," ta ce. "Shi ne ba shi da ita."

Nicholas ya yi tsalle ya dire. "Ga shaida! Ku dubi ƙirji! Kuma ku tambaye shi abin da ya ɗura wa mutane. Giya ce!"

"Ƙarya ne! Maƙiya ne suka yi maguɗi!" Sylvanus ya rungumo ƙatuwar kwalbar ya nufi rumfa. "Ranka ya daɗe, kai ne hukuma yanzu. Ɗanɗana da bakinka ka gaya wa jama'a in wannan giya ce."

Kwalbar nan ta sha rana tun safe, ta sha girgiza a hanya. Yana kwance wayar, totuwa ta tashi da ƙara ta ɗauke hular kansila. Kofur Mamman ya sake ihun kowa ya kwanta, rabin fili ya kwanta. Abin da ke cikin kwalbar ya bi bayan totuwa, ya sauka a kan babbar riga tun daga wuya har ƙasa.

Kansila ya zauna yana ɗiga. Sannan ya fito da harshe ya lashi leɓe, ya ɗan lumshe ido kamar mai tuna gida.

"Giya ce," ya ce. "Kuma ta fi ta Hephzibah."

"Dama na ce!" Muryar Hephzibah ta tsaga taron. "Wata guda benci na babu kowa! Na ba ka guggubi don Allah, ashe kasuwata ka zo ɗauka, ɓarawon tukunya!"

Sai da mutum huɗu suka riƙe ta.

Baba Gideon ya jira dariya ta lafa, ya dogara sandarsa.

"To, an gwada. Na Nicholas ya gyara kaji. Na Sylvanus ya kwantar da magidanta, ya sa uwarmu rawa a gaban hukuma. Mai lafiya kuwa, abin da na gani, da an ƙyale shi da tuwonsa da ya fi. Amma alkawari kaya ne. Wanda mutanensa suka faɗi shi zai sauke allo, kuma duk wanda ya faɗi a filin nan, mutumin Sylvanus ne."

Sylvanus. Gatsau, a lasifika, a gaban kansila. Ya ji sunan ya dake shi fiye da totuwa.

Da hannunsa ya cire allon da yammar nan. Yana zare ƙusa yana jin kamar haƙoransa yake cirewa, domin sunan da ke jikin allon shi ne duk abin da masaƙa ta bar masa a duniya. Ya jingina shi a bango, ya shige ɗaki, ya ƙi cin tuwo. Rhoda ta tausaya masa ƙwarai, har ta sa masa nama biyu a miya. Amma katako katako ne, kuma ƙofar akurkinta ta daɗe da karyewa.

Da ya gaji da ɓuya ya fito tsakar gida da safe, sai ya ga allonsa an buga shi a bakin akurki, rubutun na kallon waje. Kafin ya sami abin cewa, Monday ya leƙo ta kan katanga, matarsa Judith na bayansa rungume da kaza.

"Salama alaikum! Dokta yana ciki?"

Zuciyar Sylvanus ta yi fari. Ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya.

"Na'am, ga ni. Me ke damun…"

"Ba da kai ake ba, Baban Vicky," in ji Rhoda. "Iri suka zo nema."

Ta ɗaga allon. Zakaran ya fito yana taƙama, ya kaɗa fiffike, ya yi cara.